Ba Tasa Ba Ce

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya aiki, yaya sanyin wajenku, yaya kuma gwiwar nan da kika ce tana damunki in kin daɗe a tsaye? Allah ya ƙara sauƙi, ya raba ki da ita gaba ɗaya, ya albarkaci zuri'a, ya sa mu sake ganin juna da alheri. Mu nan muna godiya ga Allah. An koma makaranta, bana 'yan ajin ƙarshe aka ba ni, yara masu kaifin kai da kaifin baki, kullum sai na dawo gida muryata a dashe amma raina fari. Auta yana nan yana fama da tuƙin babbar motarsa, matarsa ta warware sarai daga zazzaɓin da ta yi, 'yarsu kuma ta fara takawa, ba abin da ya tsira a gidan sai wanda aka rataye.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali muna waya. Abin da zan gaya miki ne ba ya faɗuwa a waya, don na gwada, da na buɗe baki sai in ji na koma tambayar ki farashin kaya a wajenku. Kafin komai, kada gabanki ya faɗi: Inna tana da rai, jikinta kuma da sauƙi. Amma kwanakin baya da kika riƙa kira muna ce miki tana maƙwabta, ba hira ta je ba. Can take kwana, can take wuni, saboda ta ƙi shiga gidanta.

Kin tuna fitilar ƙofar gida, wadda ke saman dokin ƙofa, da faffaɗar hular nan da ke kanta? Wadda Baba, Allah ya jiƙansa, yake shafa wa fenti duk sa'ad da ya fenta ƙofa, yana ce mana daga jikin jirgin ruwa aka ciro ta? Ke ce ma kika riƙa yi wa 'yan ajinku kuri da ita, har wata ta biyo ki gida don ta gani. To, ranar da na kai Inna asibiti a duba hawan jininta, Auta ya kira mai gyaran wuta ya cire ta. Niyyarsa mai kyau ce, wannan kam zan shaide shi ko a ina. Ya ga hasken ya yi rauni, ya ga Inna ta taɓa yin tuntuɓe a dakalin ƙofa, sai ya sayo wata sabuwa, fara fat, mai haske kamar na filin ƙwallo. Ya bar wa mai gyaran aikin ya tafi lodi, yana murna zai ba mu mamaki. Ya kuwa ba mu.

Da la'asar motar haya ta sauke mu a ƙofar gida. Inna ta fito a hankali, ta gyara mayafi, ta ɗaga kai sama kamar yadda ashe take yi kullum ba mu lura ba, sai ta tsaya cak. Ta juyo ta ce da ni, cikin ladabi don kada direba ya ji kunya, wai bawan Allah ya wuce da mu, in ce masa ya koma baya kaɗan. Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Na ciro mabuɗi na nufi ƙofa, sai ta riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce wace irin tarbiyya ce wannan, zan faɗa gidan mutane da mabuɗi kamar ɓarauniya. Yaya, a nan na gane ba wasa take yi ba. Mun san mantuwa ta fara kama ta, tana kiran Auta da sunan Kawu, tana neman tabarau alhali yana fuskarta. Amma gidan da ta haife mu duka a cikinsa, ban taɓa kawowa a raina ba.

Na nuna mata bishiyar ƙofar gida, ta ce bishiya ai ko'ina akwai. Na nuna mata tsagar bango inda keken Auta ya taɓa daka, ta ce Allah ya kyauta, masu gidan ba sa gyara. Da ƙyar na lallashe ta ta shiga a matsayin baƙuwa, na ce matar gidan ƙawata ce, za mu ɗan huta. Ta yi sallama a ƙofar ɗakinta. Ta zauna a bakin gadonta, a ɗofane, takalmi a ƙafa, jaka a cinya. Da ta ga akwatinta da madubinta da hoton Baba a bango sai ta raɗa mini cewa mutanen nan sun kwashe mata kaya, mu tashi mu tafi tun ba su dawo ba. Ta ƙi ruwa, ta ƙi abinci, ta ƙi magani. Da ta fara kuka tana cewa in kai ta gida, ni ma sai na fashe, muka zauna muna yi tare.

Mai Ɗinki ce ta cece mu, maƙwabciyarmu ta hannun dama, kin san ta, wadda ta ɗinka mana kayan makaranta tun muna ƙanana. Ita Inna ba ta manta ta ba. Ta zo ta kama hannunta ta ce taho mu je wajena kafin a nemo gidan naki, ai gida ba ya gudu. Ta share mata ɗakin ɗanta, ta shimfiɗa mata. A can Inna takan ɗan ci, takan karɓi magani in Mai Ɗinki ce ta miƙa, amma kullum jakarta a ɗaure, kullum tana tambaya ko an zo ɗaukar ta. Ta rame, Yaya, wuyanta ya fito. Likita ya ce kada mu kuskura mu tilasta mata, tsoro yana iya kayar da ita fiye da ciwon. Ya ce mu mayar da ƙofar yadda take, in da hali.

Sai ga shi wai ba mu san yadda take ba. Wannan ya girgiza ni ƙwarai. Da muka zauna za mu kwatanta hular, na ce koriya ce, Auta ya rantse shuɗiya ce, Mai Ɗinki ta ce mu duka makafi ne, ruwan ƙasa ce. Na ce tana da tsini a sama, Auta ya ce shafaffiya ce. Na kwaso hotunan gida kaf, duk wanda aka ɗauka a ƙofa, na ɗaurin auren Auta, na ranar da kika tafi, na yaranki da suka zo hutu. A kowanne ga mu nan mun yi layi muna washe baki, mai hoto ya yanke daidai saman kawunanmu. A guda ɗaya ne kawai gefenta ya leƙo, kamar bakin faranti. Mun girma a ƙarƙashin abu, mun yi karatun jarrabawa a haskensa, amma ba wanda ya taɓa tsayawa ya dube shi. Mai gyaran wuta kuwa da aka tambaye shi, cewa ya yi shi dai wani tsohon gwangwani ya cire, fenti ya yi masa kauri kamar ɓawon itace, ya miƙa wa wani mai kura da ke sayen tsofaffin ƙarafa.

Na ce to, a nemo mai kama da ita. Bayan an tashi makaranta na shiga layin masu kayan wuta, shago bayan shago, ina kwatance da hannu kamar kurma. Yawancinsu da na ce irin ta da nake so sai su dube ni da tausayi. A ƙarshe aka nuna mini wani kanti a bene, mai shi wani mai fara'a da surutu, ya ce Malama kin zo gida, ai tsufa shi ne yayi yanzu. Ya kunna mini bango guda na fitilu masu huluna, wasu kamar ƙararrawa, wasu kamar malafa, duk sababbi fil daga kwali amma an yi musu tsatsar ƙarya da fenti. Na sa yatsa na goga, tsatsar ba ta fita. Na riƙe baki. Ya ce masu otal da masu gidajen shan shayi rububinsu suke yi, wadda ta fi tsatsa ta fi daraja, har ya ce in ina da tsohuwar ƙofa a gida in kawo masa kafin gara ta riga shi. Da na ba shi labarin Inna sai fara'ar ta ɗauke, ya ce shi ma kakarsa haka ta yi. Ya ce in ɗauki wadda ta fi kama, in ba ta yi ba in dawo in canza, ko sau nawa ne.

Na zaɓi wata koriya mai faɗi. Aka cire farar fitilar Auta, aka ɗaura wannan, aka sa mata ƙwai mai jan haske irin na da. Wallahi ni da na tsaya a titi na duba, sai da hawaye ya zo mini, na ce shi ke nan, an gama. Muka riƙo Inna ni da Mai Ɗinki, Auta yana gaba yana ta murza hannu. Ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo, sannan ta girgiza kai ta ce, "Ba tasa ba ce." Ta juya ta kama hanyar gidan Mai Ɗinki.

Kin ji abin da muka ji. Ba tasa ba ce, wato ba ta Baba ba ce. Auta ya zauna a dakali ya haɗa kai da gwiwa, ƙato da shi, yana cewa shi ya kashe Inna da hannunsa, ya jefar da abin da ya rage mata na mijinta. Ni kuwa mamaki ne ya cika ni, matar da ba ta san ranar mako ba amma ta gane hannun mijinta a jikin ƙarfe daga nesa. Har na ba abokan aikina labari a ofishin malamai, wata ta share hawaye ta ce wannan ita ce soyayya.

Muka koma muka canzo shuɗiya, don a bi ta Auta. Ba tasa ba ce. Muka canzo mai ruwan ƙasa, don Mai Ɗinki ta huta da gorin da take yi mana. Ba tasa ba ce. Auta ya ce matsalar sabunta ce, ya sayi guda ya kai bayan gida ya yi ta dukanta da sifana, ya shafa mata ragowar fentin Baba da ya samu a sito, ya bar ta a rana ta bushe. Da mai kanti ya ga hotonta sai ya dafe kai ya ce da ya san Auta yana da wannan baiwa da ya ɗauke shi aiki. Ita ma Inna ta dube ta, ta dubi Auta da tausayi, ta ce yaro ya yi ƙoƙari, amma ba tasa ba ce.

Daga nan muka ce babu makawa sai ainihin ta Baba. Na bi sawun mai kurar nan, daga mai shayin bakin titi zuwa mai facin taya, har aka kwatanta mini filin da suke kai kaya a bayan gari. Yaya, ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Tsaunuka na ƙarfe, gadaje da murhu da ƙofofin mota da fankoki, ƙara kamar ana rushe duniya. Na shiga da takalmin makaranta da jakar littattafan gyara a kafaɗa, na fara tono. Mai filin, wani dattijo mai ƙaton ciki, ya leƙo daga rumfarsa ya ce Malama lafiya, ko ɗalibi ne ya ɓace miki a ciki. Da na yi masa bayani ya daina dariya, ya sa ma'aikatansa suka taya ni. Muka tono huluna na fitila har da na titi, babu ita. A ƙarshe ya kai ni gaban injin da ke matse ƙarfe, ya nuna mini dunƙule-dunƙule masu kusurwa huɗu an jera kamar bulo, ya ce duk abu mara nauyi ba ya kwana, nan yake shiga. Ya ce in yi haƙuri, in ma tana nan to tana cikin ɗayan waɗannan, ita da tukwanen mutane. Na tsaya ina kallon su, hannuna duk ya yayyanke, na rasa ko kuka zan yi.

A cikin makon kuma Mai Ɗinki ta kira ni gefe, tana ta kame-kame, kunya kamar ta nutse. Matar ɗanta ta kusa haihuwa, wajenta za ta zo ta zauna, kuma ɗakin da Inna take ciki shi ne kaɗai. Ta ce ita ko a ƙarƙashin keken ɗinki za ta kwana ba komai, amma mai jego da jariri fa. Na ce haba Mama, abin da kika yi mana ko 'yar'uwa ta jini sai haka. Muka zauna da Auta. Shi ya ce a ɗauke ta a shigar da ita a kulle ƙofa, in ta yi kuka ta gaji za ta saba, yana faɗa yana hawaye. Ni na ce a kai ta gidansa, ya ce ɗaki ɗaya da falo a hawa na uku, ta ina. Muka rabu ba mu tsayar da komai ba, kowa yana jin haushin kowa.

Washegari da hantsi, ranar ba makaranta, na yanke shawarar in gaya mata gaskiya, ko za ta gane ko ba za ta gane ba. Na same ta a kicin ɗin Mai Ɗinki, an ba ta kujera da tsumma tana goge kwanukan da aka wanke, don wannan aikin hannunta bai manta ba. Na durƙusa a gabanta na kama gwiwarta. Na ce Inna, ki yi haƙuri, mun nema har inda ƙarfinmu ya ƙare, hular fitilar Baba ta tafi, an narka ta, tasa ba za ta sake samuwa ba har abada, sai dai ki karɓi wata.

Ta dube ni irin kallon da nake yi wa ɗalibin da na maimaita wa abu sau goma. Ta ce wa ya kawo maganar ubanki a nan. Ta ce ita tun yaushe take faɗa, mun toshe kunne, muna ta rataya mata hulunan 'yan gayu a ƙofar mutane. Ta buɗe baki sosai, ta ja kalmar kamar mai koya wa jariri magana, ta ce taasaa, tasa ta zuba abinci, ko makarantar taku ba a koya muku tasa ba. Sai ta miƙa hannu cikin kwando ta zaro wata tsohuwar tasa, fara mai shuɗin baki, ta kife mini ita a ka, ta ƙwanƙwasa gindinta da yatsa ta ce a nan ake hudawa.

Yaya, ina durƙushe da tasa a kaina, na kasa motsi. Mai Ɗinki ta saki ludayi ya faɗi, ta yi salati, sannan ta zauna a ƙasa tana dariya tana kuka tana cewa mun shiga uku da ilimi. Kin san yadda abin yake, tasa ta mallaka a gajarce take ƙarewa, tasa ta abinci kuwa ana ɗan jan ƙarshenta. Ɗan jan nan shi ne duka bambancin, kuma Inna haƙoran gaba sun zube, muryarta ta yi ƙasa, ga mu kuma da Baba a zuciya, kunnenmu ya ji abin da yake so ya ji. Ni da nake tsayawa gaban allo ina ja wa yara kunne a kan dogon wasali da gajere! Tun ranar da muka ɗaura koriyar take gaya mana abin da za mu nemo, a fili, mu kuwa muna can muna tonon bola.

Na sauke tasar na juya ta a hannuna, sai komai ya dawo mini. Naɗaɗɗen bakin nan da ya leƙo a hoto. Shafaffen saman da Auta ya dage a kai. Jirgin ruwa! Ashe kwanon kicin Baba ya kife a kan ƙwan lantarki don kada ruwan sama ya fasa shi, ya bi shi da fenti shekara da shekaru, ya zauna yana kallon mu muna kai labari makaranta, ko murmushi bai taɓa yi ba. Da na kira Auta yana kan hanya, sai da ya gangara gefen titi ya kashe mota. Sannan ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce wato shi sifanarsa ya kusa karyawa a kan abin da ke cikin kwandon wanke-wanke.

Mai Ɗinki ta ce a ɗauki tasar, in an ƙi ma ta yi fushi. Auta ya dawo ko wanka bai yi ba, ya ce ba mai gyaran wutar da zai sake taɓa ƙofar nan, shi zai yi. Ya kife ta a kan katako, ya huda gindin daidai inda Inna ta ƙwanƙwasa, ya goge bakin ramin, ya hau tsani ya ɗaura. Na ce a yi mata fenti, ya ce a'a, a fara gwadawa haka. Ni dai da na dube ta a sama, fara ƙal da ita da shuɗin baki da tabon tsatsa a gefe, ban ga ta yi kama da komai ba sai kwano a kife. Ga shi in wannan ba ta yi ba, ba mu da sauran dabara.

Rana ta yi sanyi muka kunna, muka fito da Inna. Ta taho tana jan ƙafa, jakarta a hammata. Ta tsaya inda take tsayawa, ta ɗaga kai. Na tsaya ina jiran ko murmushi ko hawaye. Sai na ga girarta ta haɗe, ta dafe ƙirji ta ce la'ilaha illallahu, ya huda! Ta ce sabuwar tasarta, ta cikin jerin guda uku, wadda ko sau ɗaya ba a zuba komai a ciki ba. Ta ce sai da ta gaya wa mutumin nan ya bar mata kayanta, ya nemi gwangwani, ashe jira yake ta tafi kasuwa. Muryar da ta fito, Yaya, ba ta tsohuwar da muke lallaɓawa ba ce, muryar Inna ce ta lokacin da take kamo mu mun tsoma hannu a sukari.

Ta miƙa mini jakar ba tare da ta dube ni ba. Ta ture Auta daga hanya, ta haye dakali ko kallon ƙasa ba ta yi ba, ta tura ƙofa babu sallama, ta zubar da takalmi a bayan ƙyaure. Muka bi ta a guje. Tana tafe tana kira, kai mai gidan nan, fito ka gaya mini abin da tasata ta yi maka. Ta leƙa falo, ta leƙa sito, ta ɗaga labulen ɗakinsa, har bayan gida ta buga. Mu uku, ni da Auta da Mai Ɗinki, muna tsaye a tsakar gida kamar an dasa mu. Da ba ta same shi ba sai ta yi ƙwafa, ta ce ya san abin da ya yi shi ya sa ya sulale, ai zai dawo ya same ta. Ta shiga ɗakinta, ta cire mayafi ta rataye a ƙusarsa, ta haye tsakiyar gado ta miƙe ƙafa. Ta ce in kawo mata abinci yunwa take ji, amma kada a ajiye masa ko loma, yau ya ci fitila. Ta cinye tas, ta karɓi magani daga hannuna, ta yi barci har da minshari.

Tun ranar tana gida. Tana ci, tana sha, kumatunta sun fara dawowa. Kullum da yamma takan fita ƙofa ta ɗaga kai, ranta ya ɓaci sabo, ta shigo tana faɗa, ta tambaye ni ko ya dawo. Ranar farko sai na shige kicin na toshe baki da tsumma. Yanzu nakan ce bai dawo ba tukuna, ita kuma ta ce zai gaji da ɓuya. Na tambayi likita, ya ce in bar ta a inda hankalinta ya samu wurin zama. Ban sani ba ko daidai nake yi, ina dai roƙon Allah ya yafe mini in kuskure ne. Mu da muka yi makokin Baba muka gama, ga shi yanzu kullum ana jiran sa a gidan nan da faɗa.

Ga roƙona gare ki. Ki kira ranar hutunki, yanzu za a ba ta wayar. Za ta kawo miki ƙararsa, don ta riga ta ce a gaya wa babbar, kuma wai ta san ki, kullum bayan ubanki kike bi. Don Allah kada ki yi kuka a kunnenta, kada ki yi dariya, kada kuma ki ce Allah ya jiƙansa. Ki saurara har ta gama, sannan ki ce mata gaskiyarta ce, bai kyauta ba, tasa sabuwa guda. Sau ɗaya dai a rayuwarki ki goyi bayan Inna.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, Allah ya ƙara buɗi. Ki gaishe da ɗanki Dogo, ki ce masa na ji labarin sakamakonsa, na yi murna, amma kada ya saki lissafi don ya ga ya fara sauƙi. 'Yar Lele kuma ta rubuto mini da hannunta, ko layi biyar ne, ina so in ga yadda rubutunta ya koma. Ki shafa mini kan Sarkin Ɓarna. Auta da matarsa suna gaishe ku, Mai Ɗinki ma ta ce lallai in saka gaisuwarta, matar ɗanta ta sauka lafiya, an samu mace. Allah ya tsare ku, ya bar zumunci, ya ba Inna sauƙi, ya haɗa fuskokinmu.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Malama